Alisabatu, Kunnen Mama Tamara

Kafin masu Keke su fara damun titin Nukkai, unguwarmu a nan Jalingo, da hon, Alisabatu ta riga ta ɗora ruwan zafi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da gidan da take aiki, katangar kuma gajera ce, don haka ko ban kasa kunne ba ina jin komai. Na san ƙarar tsintsiyarta, na san lokacin da take dafa shayin Mambila, na san lokacin da take buɗe tagogin ɗakin uwar ɗakinta. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan tana wannan aiki. Bara ne wani sabon sauti ya ƙaru a kan waɗanda na saba ji. Muryar wani mutum ce daga cikin waya, yana faɗin kalma da wani harshe da ban taɓa ji ba, sai Alisabatu ta maimaita tana shara. Ya faɗa, ta faɗa. Wani lokaci ta yi tsaki ta mayar da shi baya ya sake.

Ni Bara'atu, malamar Turanci ce da ta yi ritaya, kuma ina koyar da manya da yamma a barandar gidana, waɗanda karatu ya kuɓuce musu tun suna yara. Alisabatu ɗalibata ce. A kanta nake son in yi magana yau, tun tana raye tana ji, don na gaji da al'adarmu ta ajiye yabo sai mutum ya kwanta dama.

'Yar Mumuye ce daga wani ƙauye a bayan Sunkani. Da Mumuye ta buɗe baki, ta tsinci Fulatanci wajen masu tallan nono, Hausa a gari, Turanci a coci da ɗan abin da ta samu a makaranta kafin a cire ta tana aji uku na sakandare. Tana budurwa ta zo aiki gidan Injiniya Manasseh, wanda ya yi karatun injinan noma a Rasha tun zamanin da, ya dawo da takardar shaida da mata. Matar ita ce Mama Tamara. Duk Nukkai an san ta. Ta koyar da lissafi a makarantar 'yan mata har ta yi ritaya, tana ciniki da Hausa a kasuwa har mai doya ya ce, "Haba Mama, kin fi mu iyawa." Rashanci kuwa tsakaninta da mijinta ne kawai. 'Yarsu Joan da Hausa da Turanci ta tashi. Da Injiniya ya rasu a hatsarin mota, harshen ya rasa abokin hira, Mama ta ninke shi ta ajiye.

Mama Tamara ce ta matsa wa Alisabatu ta koma karatu. Liza take kiranta. Ta ce mata hannun da ya iya jinya irin nata bai kamata ya ƙare a wanke-wanke ba, ta je ta nemi takardar sakandare ta shiga makarantar koyon aikin lafiya. Alisabatu ta zauna jarrabawar 'yan waje, wadda ake kira GCE, lissafi ya kayar da ita. Ta sake yin rajista. Saura 'yan watanni a shiga jarrabawa sai Mama ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Da ta farfaɗo a asibiti ta buɗe baki, babu wanda ya gane abin da take faɗa. Hausar ta tafi, Turancin ya tafi. Joan da ta taso daga Abuja ta fita baranda tana kuka, tana cewa uwarta ta ruɗe. Wani matashin likita, Dakta Imran, wanda ya yi karatu a Rasha, shi ya tsaya ya saurara, ya amsa mata, Mama ta riƙe hannunsa ta ƙi saki. Ya ce musu hankalinta garas yake, Rashanci take yi, kuma ciwon yakan yi haka, ya bar wa mutum harshen da ya sha a nono ya ɗauke sauran. Amma likita ba zai tare a gidan mutane ba. Aka gwada wayar da ke fassara magana, sai ga shi bakin Mama ya karkace, wayar ba ta kama abin da take cewa. Aka dawo da ita gida, gida cike da masu sonta, ba ta da wanda za ta ce wa ƙafata na ciwo.

Na shiga dubiya a makon farko. Mu mata muka cika ɗakin da sannu, sannu, ya jiki, Allah ya sawwaƙe, ita kuwa tana bin bakunanmu da ido. Ta yi magana mai tsawo, muka gyaɗa kai gaba ɗaya kamar mun gane. Ta juya fuskarta bango. Ban taɓa ganin kaɗaici irin wannan ba, kuma ya tsaya mini a rai.

Bayan kwana kaɗan na fara jin muryar nan ta bayan katanga. Da yamma Alisabatu ta zo darasi a makare, idonta ja, aikin gidan da na ba ta rabi. Na leƙa jakarta na ga wani tsohon littafin yara mai hotunan dabbobi da wasu haruffa kamar an juya namu baya. A akwatin Injiniya ta samo shi.

Na ce, "Alisabatu, Turancin da za ki rubuta jarrabawa da shi bai gama zama ba, kin je kin ɗauko wani. Taura biyu ba ta taunuwa."

Ta ce, "Malama, na sani. Amma Mama yana magana, ba mai amsa shi. Ko akuya ne in ya yi kuka ana zuwa a duba."

Na ce, "In kika sake faɗuwa fa? Shekarunki ba jiran ki suke yi ba."

Ta ce, "In na faɗi zan sake rubutawa. Mama kam ba zai sake wannan shekara ba."

Sai na ce ta buɗe shafi na gaba. Ni malama ce, ba a saba kayar da ni a barandata ba.

Yadda ta raba ranarta abin a tsaya a duba ne. Safiya ta Rashanci ce, tana shara tana maimaitawa, tana wanki tana maimaitawa. Idan Mama ta yi barcin rana, sai ta shimfiɗa tsofaffin tambayoyin jarrabawa a kan teburin kicin. Yamma tawa ce. Tsakanin nan uwarta ta kira daga ƙauye su yi Mumuye, mai nono ta ƙwanƙwasa ƙofa su yi Fulatanci. Akwai ranar da na yi mata tambaya da Turanci ta amsa mini da "da", wato e a Rashanci, 'yan aji suka fashe da dariya, ita ma ta taya su. Abin da ta ji daga bakin Mama ba ta gane ba, sai ta kwaikwaya a waya ta tura wa Dakta Imran, shi kuma in ya sami sarari ya turo bayani. Ta fara da ruwa, da zafi, da sanyi, da ciwo, da ina ne. Ranar da ta miƙa wa Mama kofi ta faɗi sunan shayi da harshenta, Joan ta ce mini uwarta ta daɗe tana kallon Alisabatu, sannan ta gyara mata yadda ake faɗa. Malami ba ya daina malanta.

Babbar matsalar ita ce gashi, wato motsa gaɓoɓin da suka shanye. Likitoci sun ce dole a riƙa kai ta asibiti ana motsa mata hannu da ƙafa, in aka yi sakaci jijiyoyin za su sandare, ba za ta sake takawa ba. To duk ranar da aka turo kujerarta za a fita, sai ta kama ƙyauren falo da hannun hagu, ta yi ta magana tana hawaye. Aka ɗauka tsoron asibiti take ji. Aka lallashe ta, aka yi mata alkawari, wata rana ma aka ɓamɓare hannun da ƙarfi, ta je can ta ƙi ba masu gashi haɗin kai. Daga baya Joan ta ce ba za ta iya ci gaba da ganin haka ba, aka daina zuwa. Ƙafar ta fara ƙanƙancewa.

Alisabatu ce ta lura cewa maganar bakin ƙofa guda ɗaya ce kullum, ba ta canzawa. A cikinta ta tsinci kalma biyu da ta riga ta koya, zama da hanya. Ta tura wa Dakta Imran. Ya kira ta da kansa, ya ce mutanen Rasha ba sa kama hanya sai kowa da ke gidan ya zauna, a yi shiru na ɗan lokaci, sannan a tashi. Nan ta tuna. Shekara da shekaru tana ganin Mama da Injiniya suna zama a falo shiru kafin tafiya, jaka a gabansu, ta ɗauka addu'a suke yi, takan ma ja da baya don kada ta katse su.

Ina nan ranar da aka gwada, don ta leƙo ta katanga ta kira ni. Aka turo kujera zuwa ƙofa, Mama ta miƙa hannu za ta kama ƙyaure. Alisabatu ta ce, "Anti Joan, zauna. Malama, useko, don Allah, ki zauna. Aƙilu, kai ma." Aƙilu direba ya dubi agogonsa, ya zauna a kan dakali. Ita ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Mama. Muka yi shiru. Ana jin kaji a bayan gida. Can Mama ta saki ƙyauren, ta buga cinyarta da tafin hagu, ta faɗi kalma ɗaya. Alisabatu ta miƙe ta ce, "Ya ce mu tafi."

Sai daga baya, da kunnen Alisabatu ya ƙara buɗewa, Mama ta gaya mata cewa ranar da Injiniya ya yi hatsari ya fita da gaggawa ne, bai zauna ba. Ni na san ajali ba ruwansa da zama ko tsayuwa, ina jin ita ma ta sani. Amma wadda ta rasa miji a hanya, ba ni ce zan koya mata abin da za ta ji tsoro ba.

Tun daga ranar da muka zauna Mama ba ta sake fashin gashi ba. Kuma ba Alisabatu kaɗai ke bayarwa ba. Mama ta sa a riƙa kawo teburin lissafi gefen gadonta, tana bin aikin da yatsan hagu, in ta ga kuskure ta ƙwanƙwasa takarda. Da Rashanci Alisabatu ta ƙarasa koyon lissafin da ya gagare ta da Turanci. Ta ce mini a ɗakin jarrabawa ma da shi take ƙirga a zuci. Sakamako ya fito, ta ci lissafi, Turancina kuma ta tsallake shi da ƙyar, abin da har yanzu ban yafe mata ba. Lokacin Mama ta fara takawa da sanda daga ɗaki zuwa falo.

Makarantar koyon aikin lafiya ta ɗauke ta, amma ba a Jalingo take ba, kwana ake yi a can. Alisabatu ta ce ba za ta je ba. Na yi faɗa, Joan ta yi roƙo, ta ce mana ita in ta tafi wa zai ji Mama. Joan ta daɗe tana son ɗauke uwarta zuwa Abuja, Mama ta ƙi tun tana da lafiya, don kabarin mijinta a nan yake, kuma ta ce kusa da shi za a sa ta.

Watan jiya Mama ta sa aka kira ni da Joan falo. Ta dubi Alisabatu ta fara magana a hankali, Alisabatu na fassarawa. Ta gode mini, ta tambayi jikoki. Sai ta faɗi wata magana, Alisabatu ta sunkuyar da kai, ba ta fassara ba.

Joan ta ce, "Sista, me ta ce?"

Babu wanda zai kama ta in ta canza maganar. Mu biyu ba mu ji ko kalma ɗaya ba. Alisabatu ta share ido da gefen zane ta ce, "Mama ya ce zai bi ki Abuja. Ya ce Injiniya ba zai gudu ba, zai jira shi. Ya ce ni in tafi makaranta, in ban tafi ba ba zai sake magana da ni ba."

Alisabatu, ke ce kika ɗauki harshe na biyar a kai da jarrabawa a gabanki, ba don takarda ba, ba don a ce kin iya ba, sai don wata tsohuwa ta sami wanda za ta ce wa ina jin ƙishirwa. Ke ce kika fassara maganar da ta raba ki da ita, ba ki rage ko harafi ba. 'Yar halak, mai kunnen jin marar baki. Na koyar da mutane da yawa, kaɗan ne suka koya mini abu, kina cikinsu. Na gode miki a madadin Nukkai, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki masu jin ki ranar da naki ƙarfin ya ƙare.

Ku kuma masu karatu, ba na ce kowa ya je ya koyi Rashanci ba. Amma a gidaje da yawa a garin nan akwai tsoho ko tsohuwa da ta koma Jukunanci ko Mumuye ko Fulatancin ƙuruciyarta, jikoki na wucewa suna gyaɗa kai. Ku koyi ko kalma goma ce, ku je ku faɗa musu.

Tsohon littafin yaran yanzu yana hannun Joan a Abuja. Kullum da safe takan kira Alisabatu ta tambaye ta abin da uwarta ta faɗa, kuma kiran ya fara raguwa, don ta fara ganewa da kanta. Alisabatu kuwa ta ɗinka fararen kayan makaranta, ta zo ta nuna mini jiya. Ranar Litinin za ta shiga aji, tana da shekara arba'in da shida.