Gwiwar Buba a Gaban Surukinsa

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da matasan Gwaram suka buga wasan ƙarshe da na Birnin Kudu ba. Bayan girbi ne, a filin Birnin Kudu. Lokacin ina babban jami'i a sashen lafiya na ƙaramar hukumarmu, aka tura ni in bi 'yan ƙwallonmu da akwatin magani. Ni ba likita ba ne, amma a bakin fili duk wanda ya riƙe bandeji sunansa Likita. Na yi gyara har na gaji na bari.

Kafin gasar an kai mu bita Dutse. Wata lauya ta ce mana kundin tsarin mulkin ƙasa ya kare mutuncin kowane ɗan ƙasa da sirrinsa, kuma ɗan wasa ba ya rasa wannan haƙƙi don ya sa riga mai lamba. Wato ba ka taɓa jikinsa sai ka yi masa bayani ya yarda, abin da ya gaya maka kuma ba na bazawa ba ne. A raina na ce surutun lauyoyi ne, wa zai danne ƙato ya yi masa allura dole?

Ana dab da hutun rabin lokaci, muna gaba, aka kwashe ƙafar mai tsaron bayanmu, Buba. Ɗan Farin Dutse ne, gidan makiyaya, da garmar shanu yake ciyar da iyalinsa. Gwiwar ta fara kumbura. Na gwada na ga jijiya ta taɓu, amma sai da hoto za a san iyakar ɓarnar. Allurar kashe zafi za ta iya mayar da shi fili, za ta kuma iya sa ya ƙarasa jijiyar bai sani ba.

Sai ga Alhaji Sale a kanmu. Shi ne shugaban ƙungiyar, shi ne kuma uban matar Buba.

"Likita, a yi masa allura ya ƙarasa mana."

Na ce, "Buba, da zafi?"

Kansa na ƙasa ya ce, "Ba komai."

"Ka yarda a yi?"

"Duk yadda Baba ya ce."

Alhaji ya ce, "To ka ji, yaron nan ya yarda."

A kunne dai ya yarda. Amma labarin zuciya a tambayi fuska: gumi yake yi, ya cije leɓe. Ga shi daga gidan da ko ruwa mutum ba ya sha a gaban surukinsa, balle ya ce wayyo. Ko yanke ƙafar aka ce za a yi, amsar ke nan.

Na sa aka kama min shi zuwa motar asibiti. Alhaji ya biyo mu zai shiga, na ce, "Alhaji, wando za a sauke fa." Da kansa ya ja da baya. Na rufe ƙofa, na yi wa Buba bayani dalla-dalla, na ce jikinsa ne, zaɓi nasa ne. Sai ya ce min:

"Likita, in gwiwar nan ta tafi, wa zai bi min shanu da damina? Ba na so. Amma don girman Allah kada Baba ya san daga bakina ta fito."

Na fito na ce, "Ba zai koma ba, ni na hana." Ƙa'ida ta ba ni wannan ikon, saboda haka ban yi ƙarya ba.

Alhaji ya hasala. "Mai jiki ya yarda, kai ne za ka fi shi sanin jikinsa?"

"Ka yi haƙuri Alhaji, maganar lafiyarsa tsakanina da shi ce."

Aka cinye mu, kuma ta gurbin Buba aka yi ta shigowa. Washegari zance ya cika kasuwar Gwaram, wai don matata 'yar Surko ce ta ƙasar Birnin Kudu na sayar wa Birnin Kudu wasa. Alhaji ya daina amsa gaisuwata sai da Sallah ta zo. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, don kalma ɗaya ta isa ta wanke ni, ga shi ba ni da ikon furta ta.

Hoto ya nuna jijiyar ta fara yagewa. Ta warke, Buba ya yi nomansa da daminar nan. Alhaji ya rasu bai san gaskiyar ba, Allah ya jiƙansa. Sai bayan rasuwarsa ne Buba ya ce in ba ku labarin in zai amfane ku.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku sani mutanenmu masu kunya ne. Amsar da mutum ya ba ka a gaban babba ba lallai tasa ba ce. Ka keɓe da shi, ka sake tambaya. In ya ce a'a, kuma ka ga ba zai iya ɗaukar nauyinta a gaban nasa ba, kai ka ɗaukar masa. Cikin aikinka ne.