Kunne ɗaya a haɓar zane

Ɗana bai taɓa jin ko da tsawa ba sai da aka yi masa aiki a kunnuwansa biyu. An dasa masa abin ji a ciki, a waje kuma kowane kunne da ƴar na'urarsa mai manne wa kai. Likitan ya ce da guda ɗaya zai ji magana, amma sai da biyun zai san daga ina take fitowa. Kai kawai na gyaɗa. A lokacin ko "Mama" ya ce ya ishe ni.

Wata damina da aka yi hutun makaranta na kai shi Kiyeshe wurin mahaifiyata, na koma bakin aikina a Dogon Dutsi. Zama ya gagare ni. In zauna, in tashi, in duba waya. Ranar Asabar ban gaya wa kowa ba na hau mota.

Na tarar da gida wayam. Jama'a duk suna bakin gona, kowa na ƙwala kiran sunan ɗana ta nasa ɓangaren. Wai ya bi ɗan akuya ya shige cikin hatsi, hatsin kuwa ya fi ƙato tsawo. Muna jin kukansa: "Kaka, ina kike?" Muryar ta matso, can kuma ta yi nisa. Yana jin mu sarai, zagaye kawai yake yi, ga hadari ya haɗo daga gabas.

Na ce, "Inna, duka biyun suna kansa?"

Sai ta kwance haɓar zanenta, inda take ƙulle goro. Ga na'urar nan.

"Na ga abun da tsada, ɗiyata. Nac ce shi yi ta aiki da guda, in ta ɓaci ga wata aje. Ai yana ji na."

Matar da har yau kwanonin aurenta ke jere ba a taɓa cin tuwo a cikinsu ba! Raina ya ɓaci, amma uwa ce. Na karɓi na'urar.

Na roƙi kowa ya yi shiru, na kutsa cikin hatsin ina bin kukan, ganye na yankar fuskata. Na same shi durƙushe, jiƙe da gumi, ya dafe kunnen da ba komai. Na manna masa ita, na rungume shi, ni ma ina kuka. Iska ta taso, ko'ina na duba kara ne.

Can muryar Inna ta ratso, ƴar ƙarama, tana rawa, da sunan wasan da take kiransa: "Maigidana, taho."

Kafin in ɗaga kai ya riga ya juya. Ya miƙa yatsa.

"Kaka na can."

Ya kama hannuna ya wuce gaba, na bi shi.