Shafi na Biyu Babu Ɗigo

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, tara ga wata, aka bugo waya ofis cewa Allah ya yi wa Baba Mai Jan Biro rasuwa, bayan jinyar kwana huɗu.

Baba, shekara goma sha ɗaya kana duba mana takardun faɗakarwa da muke bugawa don asibitoci. Mu muna da na'ura mai ƙirga tsawon jimla ta ba da maki. Kai kuwa ma'auninka benci ne. Sai ka ɗauki rubutunmu ka tafi inda masu jiran likita ke zaune, ka miƙa wa wadda ta yarda, ka zuba wa yatsanta ido. Duk inda yatsa ya koma baya, ka ɗiga ja. Ɗigo uku a shafi, rubutu ya koma wa mai shi.

Ba zan ɓoye ba, na sha jin haushinka. Ran da na'ura ta ba ni maki casa'in a kan wata takardar magani, har da taƙama na shigo. Ka ja ni zuwa bencin, wata uwa ta karanta tsaf, ka ce, "'Yata, to cokali nawa za ki ba yaronki?" Ta ce huɗu. Ni kuwa ɗaya nake nufi, sau huɗu a yini. Ba ka tona mini asiri a ofis ba, abin da ka ce kawai, "Ɗana, na'ura ba ta da yaro mai zazzaɓi."

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Takardar maganin yara za ta shiga injin bugu ranar Litinin, kwafi dubu ashirin. Jiya Inna, mai ɗakinka, ta ciro mini ita daga jakarka. Shafin farko ɗigo biyu. Shafi na biyu, inda awon maganin yake, babu ko ɗaya. Ban sani ba ko ya tsallake gwajin bencin ne, ko ciwo ne ya riga ka. Na juya takardar nan ya fi sau goma. Tsoro nake ji, kuma babu wanda zan tambaya.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sauƙaƙa maka hisabi yadda ka sauƙaƙa wa bayinsa karatu. Inna da 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri.

Jan biron yana wurina. Gobe da safe zan kai shafi na biyu bencin, Allah ya sa idona ya ga abin da naka zai gani.