Rumfar da Ta Shiga Rabon Gado

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata, kuma har yau ban yafe wa bakina ba.

A tsakar gidanmu, can wani ƙauye gabas da Ɗanbatta, akwai darbejiyar da ta girme ni. Shekarar da ruwan sama ya ɗauke alhali gero yana tsaka da fitar da kai, aka sare ta, aka kai itacen kasuwa, muka ci. Karan da za a yi rumfa da shi kuwa awaki aka bai wa. Gida ya koma tanda. Daga hantsi zuwa la'asar ko kaza ba ta tsayawa a tsakar gidan.

Inna ba ta yi shawara da kowa ba. Ta buɗe adudunta ta fito da zannuwa shida, har da na fitar biki, ta yi kwana uku tana haɗa su da allura. Ta ɗaure gefe guda a azarar ɗakinta, ɗayan a jikin rumbu. Na ce, "Inna, atamfa a rana? Ƙonewa za ta yi." Ta ce, "To ni da nake ƙonewa fa, wa ya adana ni a adudu?"

In rana ta take, sai ta yayyafa wa rumfar ruwan ɗauraya, iska ta sauko da sanyi. Nan matan unguwa suka kwaso ɓarar gyaɗa da kitso da ɗinkin hula suka tare. A shekarun nan ba mu da abin ba baƙo sai inuwa, ita ake zuwa sha.

Bayan sadakar arba'in Malamin unguwa ya zo rabon gado. Baba ya riga ta tafiya, don haka daga ni sai Yaya Sani. Aka fito da kwanuka, tabarmi, tunkiya guda. A ƙarƙashin rumfar muke zaune, ba wanda ya ɗaga kai. Ni ce, da rawar kan wadda ta gama sakandare ta karanta babin gado, na ce, "Malam, wannan fa? Ai zannuwanta ne." Ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce, "Tunda kin faɗa, 'yata, ba ni da ikon in ce ban ji ba."

Baki shi ke yanka wuya. Da reza aka bi ɗinkin Inna. Namiji huɗu, mace biyu. Da na roƙi Yaya ya bar mini nasa, da ya bari. Girman kai ya hana ni, ya tafi da su Kano.

Mata suka ɗauke ƙafa. Ba fushi suka yi ba, wa zai zauna a rana? Aure ya kai ni wani gari, ya dawo da ni, na tarar kowace ta sami wurin zamanta.

Bara na sayo tanti a kasuwar Ɗanbatta, kore, mai kauri, da ramukan zura igiya. Gaskiya ya fi na Inna tare rana. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta gan shi. Na san ta. Za ta murza shi da yatsa ta ce yana da ƙwari, ta waiga dama da hagu, ta ce, "To ina mutanen?" Ni kaɗai nake ɓarar gyaɗata a ƙarƙashinsa, ina jin ƙarar kowane ɓawo.

In aka auna abin da ta bar mini, ba shi da nauyi. Zannuwa biyu da suka koɗe, ba sa ɗauruwa. Amma rumfarta takan ɗan rusuna a daidai ƙofar ɗaki, sai ka sunkuya kake wucewa. Tantina yana can sama, ba ya taɓa kan kowa. Duk da haka, kullum na fito da rana sai na sunkuyar da kai.

Allah ya ji ƙan Inna, ya sa ta a inuwar da ba a rabawa.