Jajayen Tukwanen Kashe Gobara

Ni mai fenti ne daga Ƙofar Sauri, kuma da halalina na fara. Lokacin da kuɗin mai suka cika ƙasa, sito-sito suka yi ta tashi a Katsina, ina shafe su ina ciyar da iyalina.

Wata rana wani Alhaji mai siton auduga ya aiko a kira ni. Sufeto zai zo daga Kaduna duba kayan kariya, ga shi tukwanensa na kashe gobara sun daɗe da ƙarewa. Ya ce, "Kai dai shahe su da ja. Wa za shi buɗewa?" Na shafe. Sufeto ya zo, ya bi su da ido, ya sha lemo, ya tafi.

Daga nan na ɗanɗana. Na bi bola ina tara tsofaffin tukwane, in wanke, in fesa ja, in ba da haya duk inda ake jiran sufeto. Daga baya ma sai na riƙa sayar da su a matsayin sababbi. Har alfahari nake, wai ba wanda na cuta sai gwamnati.

A siton Alhaji akwai wani lebura, Malam Iro, mutumin ƙauye mai 'ya'ya ƙanana. Ranar da nake rataya ɗaya daga tukwanen da na shafe a bango, can ƙuryar sito, ya tsaya a kaina.

"Malam, in wuta ta tashi, mi ake yi da wanga abu?"

Na nuna masa: zare ƙusa, matsa nan. Ya maimaita har ya iya, ya yi mini godiya. Ban gaya masa ba komai a cikin tukunyar ba.

Da rani, bayan azahar, wuta ta kama audugar. Kowa ya yi waje. Iro kaɗai ya yi ciki. An sami gawarsa rungume da tukunyar, ƙusar a hannunsa.

Kotu ta ɗaure ni, na yi shekaruna na fito. Na tuba, ina kuma roƙon Allah gafara, amma har yau ban iya haɗa ido da 'ya'yansa ba.

Samari, duk wanda ya ce ku gyara abu don idon mai dubawa kawai, ku ƙi. Sufeto wucewa zai yi, wani ne zai dogara da abin. Da bangon nan ba komai a jikinsa, da Iro ya gudu tare da sauran mutane.