Tafin Hannu Ɗaya da Malam Ya Bari a Bango

Shekara goma ke nan da rasuwar maigidana, magini na unguwar Limancin Kona a cikin birni, Allah ya jiƙansa ya kyautata makwancinsa. Sunansa ba zai fito daga bakina ba ko a jarida ne. Malam nake ce masa yana raye, Malam zan ce masa yanzu. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne 'yata tana rubutawa, kuma sai ta karanta mini kafin ta kai jaridar, don na san 'yan makaranta da ƙarin gishiri.

Sana'ar Malam ita ce ƙawata fuskar gida. Idan an gama ginin zaure, shi ake kira ya yi yaɓe, ya fitar da zane a jikin ƙasar tun tana da danshi: dagi, takobi, buta, wani lokaci har keke. Aikina ni kuma makuba. Nakan jiƙa ɓawon ɗorawa a randa har ruwan ya yi ja, shi ake shafa wa bango don kada damina ta cinye shi. Duk zaman aurenmu hannuna bai rabu da warin makuba ba, amma ban taɓa ganin bangon Malam ko ɗaya da rana ba. Matan aure na cikin birni a zamaninmu ba mu fita sai duhu ya rufa, ido a ƙasa. Abin da na sani na aikinsa shi ne abin da yake zana mini da yatsa a tsakar gida bayan la'asar, kafin kaji su bi ta kai.

Yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba ni haushi. Duk bangon da ya zana, sai ya bar fili kamar faɗin tafin hannu a gefen ƙofa, babu komai a ciki. Na ce masa mutane za su ɗauka mantuwa ce. Ya ce, "Bangon ƙasa ba a gama shi. Wanda zai zo gyara a bayana, a bar masa inda zai sa nasa hannun, kada ya ji shi baƙo ne."

Sai siminti ya shigo birni. Mai hali ya shafe fuskar gidansa sumul, maƙwabcinsa ya gani ya bi. Aiki ya tsaya wa Malam. Ana nan sai wani Alhaji Tanko, mai fataucin tumatir da ya taso daga ƙauye, ya gina gidan ƙasa a bayan ganuwa, can bayan Ƙofar Gayan, inda manoma da leburori da masu tireda suka fara kafa unguwa. Ya aiko a kira Malam. Abokan zaman Malam suka yi ta yi masa tsiya, wai ɗan Limancin Kona ya koma yi wa ƙauyawa ado. Ni ma na gaya masa ban so ba. Ya ce, "Mutanen birni sun daina kallon bango. Waɗannan kuwa, ina aiki suna tsaye a bayana har rana ta faɗi." Wannan shi ne bangonsa na ƙarshe.

Bayan na fita takaba, tsufa ya ba ni izinin da aure bai ba ni ba. Na ɗauki mayafi na bi lunguna da rana tsaka ina neman aikin mijina. Duk gidan da aka nuna mini, siminti ne da fenti. Sai da na fita ganuwa na tsaya a ƙofar Alhaji Tanko, sannan na ga hannun Malam da idona: dagi a tsakiya, garma a dama, kwandon tumatir a hagu, ga kuma ɗan filin nan a gefen ƙofa. Na daɗe a tsaye. Wata yarinya ta tambaye ni ko ɓata na yi.

Bana labari ya iske ni cewa ruwa ya ci gindin bangon, 'ya'yan Alhaji kuma sun ce a shafe shi da siminti kafin damina. Na tafi da ƙafata. Alhaji ya ce, "Hajiya, ni ma ba da son raina ba ne. Wa zai gyara? Masu yi sun ƙare."

Na ce, "A ba ni zuwa saukar ruwan fari. In ban kawo mai gyara ba, ku shafe."

Na aika a kira ɗana Shehu, wanda ya ƙi sana'ar ubansa ya tafi Tudun Wada yana zana zakuna da furanni a jikin manyan motoci. Ya ce, "Inna, ni fa fenti na sani, ban san laka ba."

Na ce, "Hannun ubanka ne da kai, mota ce ta ɗauke shi. Jeka karɓo."

Ranar farko sai ga shi da buhun siminti, wai zai gauraya da ƙasar ta ƙara ƙarfi. Na ce ya mayar inda ya ɗauko, ƙasa da siminti ba su zama ɗaki ɗaya, rani ɗaya za su rabu. Abin da ya dame ni shi ne ɓawon ɗorawa, don a cikin birni na nema har na gaji. Ashe matan unguwar suna da shi buhu-buhu, da shi suke daɓen ɗakunansu tun daga ƙauye. Suka fito da randuna, suka jiƙa, suna waƙa suna yi mini dariya wai 'yar birni ta zo koya musu abin kakanninsu. Na bar su, don gaskiyarsu ce.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga yau. Zai yi baƙin cikin lungunan birni, wannan babu shakka. Zai kuma ce dagin Shehu ya ɗan kwanta gefe kamar rubutun bayan mota. Amma da ya zaga unguwar nan ya ga 'yan mata a zaure suna ɗinkin hula, samari suna wasan kwaikwayo a filin firamare ranar Asabar, maƙwabtan Alhaji kuma sun fara tare Shehu suna cewa a yi musu irin wannan, na san zai juyo ya dube ni kawai. Haka yake yi idan ya ci gardama.

Hadari ya fara haɗuwa ranar da aka gama. Shehu ya leƙo cikin gidan Alhaji inda nake zaune ya ce, "Inna, zo ki ga wurin nan na Baba." Na fito ina cewa in mota ya zana a ciki da hannuna zan kankare. Sai na tarar da 'yar randa, irin tawa ta makuba. A ɗaya gefen ƙofar kuma ya bar sabon fili, faɗin tafin hannu, babu komai a ciki.

Malam bai bar gona ba, bai bar gidan haya ba, aikinsa na cikin birni yana kwance a ƙarƙashin siminti. Abin da ya rage nasa bango ɗaya ne a bayan ganuwa, da wurin da ya bar wa mai zuwa, kuma mai zuwan ya zo. Na gaya wa Shehu bakin randar ya karkace. Ya ce zai gyara baɗi. Na ce Allah ya kai mu.