Ganga Ta Biyar

Kawuna Lyle Dombek bai taɓa zama a gaban tebur ya bar shi lafiya ba. Da ya aje hannu, yatsu sun fara aiki: tum, sai shiru, tum-tum, sai dogon shiru, tum. Ba kiɗan da za ka gyaɗa wa kai ba ne. Ya fi kama da famfo mai ɗiga, wanda kan manta sannan ya tuna. Haka ya riƙa yi a sitiyarin motar kwashe ƙanƙara da ya tuƙa har ya yi ritaya, haka a bencin coci, haka a murfin akwatin gawar kakata, sai da Mama ta taka masa ƙafa. Akwai wata malamar jinya da ya kusa aura. Mama ta ce a kan wannan ta mayar masa da zobensa, don suna cikin rawa yana buga mata a kafaɗa.

Duk wanda ya tashi a Marlow Falls ya san abin da yake bugawa. Lokacin da masana'antar takarda ke da rai, garinmu na da ƙungiyar badujala mai zuwa gasa, 'Yan Gatari. Manyan gangunansu biyar ne, daga ƙarama har babba, kuma ba tare suke kiɗa ba. Raba kiɗan ake yi kamar naman watanda: ta ɗaya ta buga, ta biyu ta cafe, a gangaro har ta biyar cikin ƙiftawar ido, mai sauraro ya ji kamar mutum ɗaya ne ya sauko matakala a guje. Kowa kasonsa ya sani. Kawu Lyle ta biyar ya ɗauka, wadda yaro zai iya shiga cikinta ya kwanta. Abin da yake bugawa a tebur ƙarshen maganar mutum huɗu ne waɗanda ba sa wurin.

In ka tambaye shi dalilin zaɓen babbar, zai daki ƙirji.

"Ta biyar ba ta yara ba ce, Kelsey," haka yake ce min tun ina ƙarama. "Ki kwana a simintin ɗakin wasan wata makaranta, ki karya da burodi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ki goya wannan abu tun safe har rana ta faɗi. Da yamma alƙali ya cusa kansa tsakanin ganguna yana neman kuskurenki. Bai taɓa samun nawa ba."

Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Masu manyan ganguna ba sa fuskantar jama'a. Fatar ganga ce ke kallon 'yan kallo, su kuma suna tsaye a kaikaice, wani bayan wani, ƙarama a gaba. Mai ta biyar, duk abin da yake gani a duniya shi ne ƙeyar mai ta huɗu. Mai ta huɗu kuwa Noreen Hutka ce. Tun yana ɗan sha shida har ya cika ashirin da ɗaya, shekarun da doka ke sallamar mutum daga gasa, kawuna ya kalli ƙeyar nan duk lokacin zafi. Ya san inda rana ke fara ƙona ta. Ya san ranar da ta sauya abin ɗaure gashi. Bai taɓa ce mata komai ba ban da "ƙafar hagu". Ita kuma ta auri Ron Teske, mai busa bigila, wanda ke tsayawa a gaban fili yana ba kowa fuskarsa.

"Yayana ya fi kowa sanin ƙeyar matar nan, har mijinta," in ji Mama. "Amma tambaye shi launin idonta ki sha kallo."

Masana'anta ta rufe, ƙungiya ta watse, aka jibge gangunan a ɗakin ƙasa na cocin Katolika. Ron ya rasu shekarar da ta gabaci bara. Bana da ƙanƙara ta narke, Anti Noreen ta bi tsofaffin 'Yan Gatari ɗaya bayan ɗaya a waya, ta ce a fito da ganguna, za a buga tsohon kiɗan a filin makaranta ranar bikin 'yancin kai.

Kawu Lyle bai jira komai ba. Ya zaro tsohuwar ɗamarar gangarsa, ya ɗaura mata buhun gishirin narkar da ƙanƙara, ya shiga zagaya bayan gida yana nishi. Ga shi bara aka yi masa aiki a gadon baya, likita ya ce kada ya ɗaga abin da ya wuce butar shayi. Mama ta hango shi ta taga. Ta ɗauki waya ta kira Noreen.

Ranar Juma'a a wurin cin soyayyen kifi aka yanke masa hukunci. Noreen ta zo teburinmu, bayanta wani dogo mai faɗin kafaɗa da fararen haƙora. Curt Zastrow ke nan, mai sayar da kwale-kwalen inji, wanda ya dawo garinmu bayan rasuwar matarsa. A ƙuruciyarsa babbar bigila ya busa wa ƙungiyar wani gari, bai taɓa riƙe gular kiɗa ba. Ya iya rawa, kuma ya san ya iya.

"Lyle, Curt ne zai ɗauki ta biyar," in ji Noreen.

Kawu ya aje cokali. "Wa ya mutu?"

"Kai, in ka goya ta. Ƙanwarka Bev ta gaya min komai."

Ya juyo ya kalli Mama. Mama ta duƙufa cire ƙayar kifi kamar an ba ta kwangila.

"Haba Noreen, mai busa? Mutumin da bai san gaban gula da bayanta ba?"

"Shi ya sa kai za ka koya masa. Ba a taɓa rubuta kiɗan nan ba, ka sani. A kanka kaɗai yake."

Curt ya miƙo hannu yana murmushi. "Zan kula maka da wurin, babban yaya. Na ji an ce wurin da daɗin tsayuwa."

Na ga kunnen kawuna ya yi ja. Na zaci faɗa za a yi. Sai ya kama hannun Curt da hannu biyu, ya ce, "Zo gida gobe, ɗan'uwa. Gareji a buɗe yake."

Ni ke kai masa miya duk yamma tun bayan aikin da aka yi masa, don haka na ga karatun. Ban taɓa ganin malami mai haƙuri irinsa ba. Ya shimfiɗa wa Curt tsohon kafet a kan benci, ya buɗe masa giya, ya yanka cuku. "Madalla, sake. Kai, hannunka da kyau! Da ma tun farko ganga ka kama." Curt yana ta washe baki yana maimaitawa. Ba yadda za a yi ya gane daidai ne ko ba daidai ba, don kason mutum ɗaya ba ya kama da komai sai sauran huɗun sun cike.

Ni kuwa da ɗigar famfon nan aka raine ni. Da Curt ya tafi na ce, "Kawu, bugun ƙarshe ya matso gaba."

"Kunnenki ne."

"Ya matso. Da sai an ɗan yi shiru kafin ya sauka."

"Ke da ko tafi ba ki iya ba. Kawo miyar nan, ta huce."

Yana sha yana murmushi, irin murmushin mage da ta san inda aka ɓoye kifi.

Bayan mako guda, ranar Asabar da rana, aka yi haɗuwar farko a wurin ajiye motocin coci. Tsofaffi sun cika wurin, masu tumbi da masu sanƙo, kowa na neman ramin da ɗamara za ta kama. An kunna gawayi ana gasa tsiran alade. Kawu Lyle ya kafa kujerar naɗewa a inuwa, ya harɗe hannu, fuskar nan fes kamar ta waliyyin jikin tagar coci.

Aka jeru, aka ƙirga, kiɗa ya gangaro: ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu. Kafin gular Noreen ta gama sauka, Curt ya narka nasa a kai. A wurin masu manyan ganguna babu rashin kunyar da ta kai wannan. Kamar ka buɗe baki za ka ƙarasa magana ne, wani ya cusa maka tasa maganar a ciki. Kafaɗar Noreen ta motsa. Aka sake, ya kuma taka ta. Aka sake. Curt, ganin ana hararar gefensa, ya ɗauka ƙarfi ne bai isa ba, ya ƙara.

Noreen ta juyo. Mai goye da ganga ba ya waiwaye, sai ya juyo gaba ɗaya kamar tirela, sai da Gordy mai ta uku ya yi tsalle gefe.

"Malam Curt, gobara ake yi a gidanka?"

"Haka aka koya min, ranki ya daɗe. Na rantse ko ɗaya ban sauya ba."

Ta bar shi. Idonta ya tafi inuwa.

"Lyle Dombek. Taso."

"Ni ɗan kallo ne yau."

"Na ce taso."

Ya taso yana jan ƙafa, yana sosa kai. "Tsufa ne, Noreen. Wataƙila ya shige min."

"Ya shige maka? Kai da ka buga shi a jana'izar mahaifiyarka? Bugun nan a bayan kunnena ya sauka duk ƙuruciyata, ban taɓa jin ka riga ni ba. Kai ciwonka jinkiri ne, gaggawa ba ta san gidanku ba."

Aka kwashe da dariya. Kawu ya bari ta lafa, sannan ya fito da abin da ya daɗe yana dafawa.

"To, da baki ba zai gane ba. A ɗora min ita sau ɗaya in nuna masa."

"Yaya, na rantse in ka taɓa gangar nan ba ni ba kai!" Mama ta kwaɗo daga wajen gawayi. Amma Curt, wanda kunya ta gama cinye shi, ya riga ya kwance ɗamara.

Gaskiya dai, da kawuna ya tsaya a bayan Noreen sai da ya ƙara tsawo. Aka ƙirga. Kiɗa ya gangaro, ya zo hannunta, ta saki, aka yi wannan ɗan shirun da bai kai numfashi ba, sannan tasa ta sauka, tum, har motar da ke kusa ta fara kururuwa. A ranar na fara jin jimlar da na tashi ina jin wutsiyarta. Suka kai ƙarshe ba tangarɗa. Gordy ya cire tabarau yana goge ido da gula.

Kowa ya sauke ganga, ban da Kawu Lyle. Yana nan tsaye ƙiƙam, yana kallon gaba.

"Curt," ya ce ta gefen baki. "Mutumina. Matso a hankali. Kada ka yi dariya. Cire min ita."

Bayansa ne ya riƙe. Mutum uku suka kwance shi, aka ture burodi da kwalaben yaji, aka shimfiɗe shi a kan teburin abinci. Noreen ta zo ta tsaya a kansa. Ba inda zai kai idonsa, sama ce ko fuskarta. Ya zaɓi sama.

"Me bawan Allah nan ya yi maka da ka ɓata masa kiɗa?"

"Ta biyar ba ta yara—"

"Kar ka yi min wannan karatun, na haddace."

Tsiran alade na ƙonewa, ba wanda ya je ya juya.

"Ba na son kowa ya tsaya a wurin," ya ce.

"Wane wuri?"

"Bayanki."

Mama ta toshe baki da tawul. Noreen ko gezau.

"Kana zaton ban sani ba? Duk lokacin zafi wuyana na ƙuna, kuma na san ba rana ce kaɗai ba. Na yi ta jira ka zagayo ta gaba ka ce ko da sannu. Ron kuwa ranar farko ya zagayo."

"Ai shi ba ganga a jikinsa," in ji kawuna.

Ta danne dariya da kyar. Sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Curt ne mai ta biyar, an gama wannan magana."

Kawu ya runtse ido, kuma ban ce ciwon baya ne ba.

"Gordy," ta ce, "ba kai ne ka ce gwiwarka na damunka ba?"

"Ni? Gwiwata lafiya ƙal—" Ta kalle shi. "Af, tana damuna ƙwarai. Da ma gashin naman nan na fi so."

"To Lyle zai ɗauki ta uku, in likita ya yarda. Ba ta da nauyi."

Kawu ya buɗe ido ɗaya. "Ta uku ai gabanki ce."

"Ashe ka iya lissafi."

"Ban san kason ta uku ba."

"Ni zan koya maka," in ji Gordy.

"Ba wanda ya tambaye ka," in ji Noreen. "Talata, a gidana. Kuma ka je a aske maka bayan wuyan nan, ba zan yi ta kallon daji ba."

Likita ya yarda, bayan ya yi masa tas. Curt kuwa da rana ɗaya Noreen ta gyara masa kasonsa, yanzu yana sauka inda ya kamata, yana kuma washe haƙora a wurin da kawuna ya tsare tun yana saurayi. Wannan har yau yana ci wa kawuna rai. A wurin gwaji yakan fara karkato da ganga don ya ga me Curt ke kallo, sai gula ta zungure shi a tsakiyar baya: "Gaba ake kallo, tsoho."

Biki ya matso, amma har yanzu bai iya kason ta uku ba. Mutumin da a da sau ɗaya ake rera masa kiɗa ya kama. Talata ta haifi Alhamis, Alhamis ta haifi Lahadi bayan coci. Ni na kasa gane ko shi ne ke ƙin iyawa, ko ita ce ke sauya masa duk zuwa, don na lura duk lokacin da ya dawo, abin da yake bugawa a teburin Mama daban ne.

Jiya na kai shi wurin aski, na biyu a wannan makon. A mota na tambaye shi yaya sabon wuri.

"Azaba ce, Kelsey," ya ce. "Mutum na bayanki, ba kya ganinsa, kin kuma san ke yake kallo. Ko numfashi ba ya shiga daidai. Ban san wane irin mara imani ne zai yi wa ɗan'adam haka ba."

Na ce ni ma ban sani ba. Ya jawo madubin mota yana leƙen bayan kunnensa, ya ce in rage gudu, kada mu wuce shagon da ake sayar da turare.